Tiyo Ta Cikin Katanga

Ranar da aka kai Baba makwancinsa, ina zaune a tsakar gida cikin mata ina amsa gaisuwa, amma kunnena yana waje. Katangar da ta raba cikin gidanmu da gareji ta laka ce, kuma akwai wata 'yar huda a jikinta wadda baƙi ba su san da ita ba. Duk abin da maza suka faɗa a kan tabarmin ta'aziyya ta nan ya riƙa shigo mini.

Sun yi masa addu'a, ba zan ci haƙƙinsu ba. Fulanin unguwarmu ta Jambutu sun zo, 'yan kasuwa sun rufe rumfuna sun zo, direbobin Pitowa sun ajiye motocinsu sun zo. Wannan ya ce daga Allah muke gare shi za mu koma, wancan ya ce da Fillanci "Allah yaafo mo," wato Allah ya yafe masa, a shafa. Sai ido ya faɗa kan jar motar da ke lulluɓe da tamfol a ƙarƙashin rumfa, daga nan kuma zance ya karkace.

"Mutumin kirki ne, amma motar nan ta cinye masa rayuwa."

"Shekara ashirin da ɗoriya fa! Duk Juma'a sai ta yi ta tari ta hana mu barcin rana, ko ƙofar gida ba ta taɓa fita ba."

"To me kake tsammani? Kurma ne ya haɗa inji."

Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi a gidan mutuwa ana kare baki da hannun riga. Murya ɗaya ce ban ji ta cikin dariyar ba, ta aminin Baba, wani tsohon mai walda, Kirista daga mutanen kan dutse, wanda suka yi shekara arba'in suna cin ƙosai a takarda ɗaya. Shi tsaki kawai ya ja.

Wannan magana ta kurma ita ta sa na ɗauki biro. Ni surukarsa ce, matar ɗansa na biyu. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, kuma ba yau zan fara ba. Ban da gaisuwar safe, a durƙushe, kaina a ƙasa, ban taɓa buɗe baki na yi masa magana ba. Amma duk garin Garwa babu wanda ya san aikin hannunsa kamar ni, kuma ba zan zauna a binne shi da sunan wanda ya ɓata inji ba.

Abin da ya faru kafin a kawo ni gidan daga bakin Inna, uwar mijina, na ji shi. Motar ba ta Baba ba ce. Ta wani ɗan garin nan ce da ya yi girma a aikin soja a babban birni. Ya saye ta hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu, 'yar ƙaramar motar tsere mai kujera biyu, ba rufi, tsohuwa tun a lokacin, tana shan baƙin mai tana hayaƙi. Ya kawo wa Baba ya ce a sauke injin a sabunta shi tun daga tushe. Ya sa aka aiko da kaya daga Turai cikin akwatin katako, har da wata sandar ƙarfe nannaɗe cikin takarda mai maiƙo. Ya ɗora hannu a kanta ya ce, "Malam, wannan nake so ka sa mini. In na zo hutu za mu gwada ta a hanyar Pitowa, ni da kai."

Bai zo hutun ba. A shekarar ne aka yi harbe-harbe a babban birni, ba a daɗe da sauya shugaba ba, aka shiga tsintar 'yan arewa ba sani ba sabo. Mai motar yana cikin waɗanda aka tafi da su, kuma har yau ba wanda ya ga kabarinsa. Iyalinsa suka watse. Bayan 'yan makonni wasu mutane suka zo garejin da rana tsaka suka tambayi Baba motar wane ne wannan. Da ya ce ta Bature ce da an wuce wurin. Sai ya faɗi sunan mutumin cikakke, har da na mahaifinsa. Motar ba su ɗauke ta ba, don gangar jiki ce kawai a kan duwatsu, injin yana baje a tabarma. Baba suka ɗauka. Ya dawo bayan damina, kunnen hagu a mace, na dama kuma sai an kwarma ihu a cikinsa, bai kuwa taɓa gaya wa kowa abin da aka yi masa ba.

Inna ta ce washegarin dawowarsa, ko aski bai yi ba, ya zuba kananzir a kwano ya hau wanke fistin. Ta yi kuka, ta yi faɗa, ta kai ƙara wurin 'yan uwansa, ko a jikinsa. Da ta ga ba zai bari ba, sai ta sa shi ya rantse cewa motar ba za ta taka kwalta a hannunsa ba, don sunan wancan bawan Allah ne a jikin takardunta, ga shi kowane shingen jami'an tsaro sai an nuna takarda. Ya rantse, ta ƙwace takardun ta ɓoye, shi kuma ya riƙe rantsuwar har ya koma ga Allah.

A shekarun da na shigo gidan kowa ya koyi raɗa. In za a ambaci wani abu na gwamnati sai a duba hagu a duba dama, a sauke murya, ko a juya harshe zuwa Fillanci kamar Fillancin ba a jin sa. Baba kaɗai ya kasa. Tun da ba ya jin kansa, kowace magana da ƙarfi yake yin ta, kuma na daɗe da zargin cewa ko da yana iyawa ba zai rage ba. Baƙo ya tambaya motar wa ce a tamfol, sai ka ji sunan nan ya tashi har bakin titi. Maigidana, wanda akawu ne mai tsoron inuwarsa, sai gumi ya karyo masa. Yaya, babban ɗan Baba, ɗan kasuwar atamfa, sai ya tashi ya bar wurin. Baba kuwa ya ƙara da cewa, "Gyara ya kawo. Ba a gama ba."

Yana da halaye na kansa. In zai saurari cikin inji sai ya dafa bakin sukundireba a jikin ƙarfen ya ciji ƙotar da haƙoransa, ya lumshe ido, ya gaya maka fistin na nawa ke bugawa. Fetur ɗin da ake shigowa da shi ta kan iyaka a jarkoki, wanda muke kira zuwa-zuwa, ba ya zuba shi a kowace mota sai ya tace shi da wata tsohuwar jar dara, ya nuna wa mai motar ruwa da tsakuwar da suka rage. Direba ya zo yana kukan motarsa na shan mai, sai Baba ya kwance fulogi ya ɗaga masa a fuska. "Baƙi ƙirin! Kai ka ɗura mata, kai ne kuma mai ƙorafi." In fulogin ya yi fari fat, ya ce an bar ta da yunwa, za ta ƙona kanta. Abin da yake nema shi ne launin soyayyar gyaɗa, kuma ba ya sallamar mota sai ya gan shi.

Jar motar kuwa Juma'a kawai yake taɓa ta, bayan an sauko daga masallaci, don sauran kwanakin na ciyar da gida ne. Shi ya sa aikin ya ɗauki shekaru. Ranar da ya zo kan sandar nan ta cikin takarda aka yi rigimar da ba a taɓa yin irinta a gidan ba.

'Yan Najeriya kamshaf suke ce mata, mu nan abrakam muke cewa, daga Faransanci. Sandar ƙarfe ce mai ƙullutai a jere, in tana juyawa ita ke buɗe bawul tana rufewa, wato ita ke yanke wa inji yadda zai shaƙa da yadda zai fitar. Guda biyu ne a gaban Baba. Akwai ta asali da aka ciro daga motar, lafiyarta ƙalau, ƙullutanta gajeru. Baba ya ce mata mai sanyi. Akwai kuma wadda mai motar ya aiko, ƙullutanta dogaye masu faɗi. Ita ce mai zafi.

Lokacin abin da ake kira kriz ya kama ƙasa. An datse albashin ma'aikata, auduga ta faɗi, kantuna suna rufewa. Yaya ya shigo garejin ya tsuguna, ya kai baki kunnen Baba na dama. Ina wanke-wanke a bayan katanga, ban rasa ko kalma ɗaya ba.

"Baba, ku sa ta asalin. Na tambaya an gaya mini, da ita mota za ta tashi salin-alin, ta ci kowane irin mai, ta bi kowace hanya. A sauya mata fenti a haye iyaka da ita a rabu da ita, mu huta da wannan suna."

"Gaskiya aka gaya maka," in ji Baba. "Mai sanyi ba ta da fitina. In ba a taka ta ba tana silo shiru, tana ja tun daga ƙasa, ko jaki za ta bi a baya ba za ta ƙosa ba. Amma in ka taka ta da gaske, numfashinta ya ƙare. Mai zafi tana riƙe bawul a buɗe ta daɗe. A silo za ka ji kamar za ta mutu, tana gunaguni tana tuntuɓe. Sai allurar juyin inji ta wuce huɗu take farkawa."

"To ina za ta wuce huɗun a tsakar gareji? Wa zai taɓa ji? Ku kanku ba ji za ku yi ba!"

Inna ta saki ludayi. Ban taɓa jin ɗa ya gaya wa ubansa irin wannan ba, kuma na san Yaya ya yi da-na-sani tun kafin ya rufe baki. Baba bai yi fushi ba, ko dai bai nuna ba. Ya ce, da muryar nan tasa da maƙwabta ke ji, "An hana shi dawowa, an hana ni ji, an hana ta fita. Abu ɗaya ya rage da ba a hana ba, in yi aikin yadda mai shi ya ce. Shi ma kana so in hana kaina da hannuna?" Ya goge mai zafin da tsumma ya shafa mata mai. Washegari na hango aminin nasa mai walda yana fita da wani abu dogo cikin buhu a bayan kekensa, ban kawo komai a raina ba.

Da injin ya tashi sai wata matsala ta ɓullo wadda haƙoran Baba ba za su iya da ita ba. Kafireta biyu ce a motar, ta gaba da ta baya, kowacce tana shayar da silinda biyu iska da fetur. Dole su riƙa zuƙa daidai wa daida, in ba haka ba rabin injin yana ja rabi yana bin sa. Masu aikin tiyo suke sa wa a bakin kowacce su saurari shuuu ɗin iskar, su murɗa sukuru har sautin biyu ya zama ɗaya. Wannan sauti ba ya bi ta ƙarfe, ta iska yake bi, Baba kuwa ba shi da kunnen da zai kama shi. Juma'a uku yana murɗawa yana warwarewa a makance. Kanikawan garin da za su iya taimaka masa duk sun ƙi kusantar motar.

Ni kuwa a gindin injin markaɗen mahaifiyata na tashi a Pitowa. Tun ban kai tsawon mazurarinsa ba nake gane lokacin da ya ƙoshi da lokacin da yake jin yunwa. A Juma'a ta uku ina tankaɗe, bakina ya suɓuce na ce wa Inna, "Ta bayan nan ta fi ta gaban zuƙa." Inna ta dube ni sheƙeƙe, ta yi dariya, amma da yamma ta je ta kwarma wa Baba a kunne, don ta tsokane shi. Bai yi dariya ba.

To ga inda gizo ke saƙa. Suruka ba ta tsayawa kafaɗa da kafaɗa da uban mijinta, balle su sunkuya kai biyu a cikin bonet ɗaya, balle kuma ta ɗaga masa murya. Baba mutum ne mai kunya fiye da ni ma. In zai shigo cikin gida sai ya yi gyaran murya tun daga zaure don in shige ɗaki. Juma'ar da ta biyo baya ina shanya, sai na ji ana sassaƙar katanga daga waje. Ƙasa ta zubo, ƙarfe ya leƙo, ya koma. Sai ga bakin wani baƙin tiyo yana shigowa a hankali ta hudar.

Inna ta riƙe haɓa ta ce, "Wannan tsoho zai kashe ni da abin kunya." Amma ita ta kife mini turmi na hau.

Haka muka yi aiki duk shekarun nan. Ya matso da motar jikin katanga. Shi yana can yana sa bakin tiyo a kafireta, ni ina nan a kan turmi da ɗaya bakin a kunnena, hannuna na dama a saman katanga inda zai gani. Yatsa ɗaya, ta gaba. Yatsa biyu, ta baya. Tafin hannu sama, a ƙara. Tafi ƙasa, a rage. In sun haɗu sun zama murya ɗaya sai in dunƙule hannu. Daga nan a koma kan sukurun mai, ya murɗa kaɗan-kaɗan ina sauraron inda injin ya fi sakin jiki. Ba aikin yi sau ɗaya ba ne, don abin da ya yi daidai a zafin bazara ba ya yi da damina, ga zuwa-zuwa kowace jarka da halinta. A nan na koyi bambanta gunaguni biyu. Akwai na rashin lafiya, wanda ba shi da tsari. Akwai na mai zafi, wanda ke tuntuɓe amma a kan ƙa'ida, kamar dokin da aka ja wa linzami. Maƙwabta duka tari suke ce musu.

Bai taɓa ganin fuskata a wannan aiki ba, hannuna kawai ya sani. In na yi sabon lalle sai in ji ya ce wa iska, "Yau injiniya ta yi ado." Ni kuma in sunne kai ina dariya ni kaɗai a kan turmi.

Ɗana na fari bai zo da rai ba. Ɗakina yana jikin katangar nan, amma da na dawo daga asibiti ban ji ko ƙarar guduma ba. Ashe Baba ya kwashe aikinsa kaf ya koma bakin titi ƙarƙashin dalbejiya, cikin rana, ya hana kowa tayar da ko babur a garejin. Mutumin da ba ya jin ƙara shi ya tuna cewa ƙara za ta dame ni. Juma'a ta zo ta wuce har shida, jar motar tana lulluɓe. Bai aiko da wata doguwar magana ba, tsire kawai yake ba Inna ta kawo mini kullum da la'asar. Ranar da na ji zan iya tsayuwa, ni da kaina na ɗauki tiyon na tura shi ta hudar daga ɓangarena. Na ji ya yi gyaran murya har sau uku kafin ya murɗa makulli.

Akwai abu ɗaya da ke ci mini rai, kuma zan faɗe shi. Wata Juma'a da damina, iska ta yi sanyi, kafiretocin suka zauna daram yadda ba su taɓa yi ba. Na dunƙule hannu. Maimakon ya kashe motar, sai na ji ya cire tiyon daga inji ya kai bakinsa. Muryarsa ta zo mini cikin kunne, yana ƙoƙarin rage ta karo na farko a sanina.

"'Yar nan, yaya muryarta take?"

Na san ya mayar da tiyon kunnensa na dama yana jira. Da na yi magana da ƙarfi a ciki da ya ji. Inna tana zaune tana kallona, matar Yaya tana bakin murhu. Kunya ta ɗaure mini harshe. Na sake ɗaga dunƙulallen hannuna kawai. Ya jira, ya jira, sannan ya ce, "To. Madalla." Bai sake tambaya ba, ni kuma na yi ta cewa wata rana, har aka wayi gari ya faɗi a gindin wata motar auduga da sifana a hannu, kwana biyu ya cika.

Kwana biyar da rasuwar Yaya ya kawo mai saye, wani mai masaukin Turawa maharba a wajen Rai Buba, yana so ya riƙa ɗauko baƙinsa da ita. Ya zo da bakanikensa. Suka tayar da motar, bakaniken ya ji gunaguni, ya zaro sukundireba ya hau murɗa duk sukurun da idonsa ya gani, ina jin yadda yake tarwatsa aikin shekaru cikin minti goma. Da ta ƙi yin shiru ya dubi ubangidansa ya ce, "Patoro, tsohon ya yi kuskure a ciki. Sai an sauke an sa abrakam ta asali."

Yaya ya ce a nemo ta asalin. Aka birkice gareji ba a gan ta ba. Sai mai walda, wanda bai bar tabarmar ba tun ranar jana'iza, ya ce, "Kada ku wahala. Tana rataye a jikin bishiya a ƙofar cocinmu. Ita muke bugawa ran Lahadi, duk ƙauyen na ji. Marigayi ya ce tun da tana son zaman lafiya ta je ta yi aikin Allah. In kuna iyawa ku je ku kwanto ta."

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini cikin hawaye ba. Ashe tun ranar rigimar Baba ya san abin da za a yi bayan ransa.

Ranar sadakar bakwai gari ya sake taruwa. Labarin bakaniken Rai Buba ya riga ya zaga, yanzu ba a ma kare baki in za a ce kurma ya ɓata inji. Bayan an shafa addu'a na shiga ɗakin Inna inda take zaman takaba. Na durƙusa a gabanta. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ɗaga katifa ta ciro wata tsohuwar leda mai takardun motar ta miƙo mini.

"Shi na sa ya rantse, ba ku ba," in ji ta. "Ki gaya wa babban cewa motar nan ba gado ba ce, ajiya ce, ba a sayar da ajiya. Je ki."

Na yafa mayafi na bi ta zaure na fita gareji a gaban maza. Aka yi ta kallon-kallo. Yaya ya ce, "Ke, lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, Yaya. Tiyona na zo ɗauka." Na zare shi daga katanga. Wannan ce rana ta farko da na ga kafiretocin nan da idona, ashe 'yan ƙanana ne, ni da nake jin su kamar rijiyoyi. Ban iya murɗa sukuru ba, ban taɓa yi ba. Mai walda ya tashi ya karɓi sukundireba ya ce, "Ɗiyata, ɗaga hannun kawai. Shekara nawa ina zaune a nan ina kallonsa a saman katanga."

Aka tayar da motar, na kai tiyon kunnena. Yatsa biyu, tafi ƙasa. Yatsa ɗaya, tafi sama. Kowa a tabarma ya gane abin da yake gani. Na ji wani ya ce subhanallahi, na ji wani ya ce abin kunya, ban waiwaya ba. Da na dunƙule hannu motar ta koma gunaguninta na ƙa'ida. Mutumin da ya yi maganar kurma ya ce, "To ai har yanzu tari take." Na miƙa wa maigidana ledar takardun. Ya karɓa. Mai walda ya buɗe ƙyauren da aka yi shekaru ba a buɗe shi duka ba, ya ce wa maigidana, "Kada ka tausaya mata. Taka."

Kujera biyu ce, kuma dole wani ya saurara, don haka na shiga. A cikin gari ta ba mu wahala, tana fizga tana neman mutuwa a bayan kowane amalanke, yara suna bin mu suna ihu. A bakin gari muka iske shinge. Wani jandarma matashi ya karɓi takardun, ya juya su, ya yi dariya ya ce sun girme shi. Ya tambayi maigidana, "Wane ne wannan?"

Maigidana ya faɗi sunan cikakke, har da na mahaifin, da ƙarfi yadda Baba ke faɗa. Tun da na aure shi ban taɓa jin sunan nan a bakinsa sama da raɗa ba. Ya ƙara da cewa, "Gyara ya kawo. An gama, gwaji za mu yi."

Matashin ya ɗaga kafaɗa. Bai taɓa jin sunan ba. Sunan da ya kurmantar da Baba, ya tsare mota shekara ashirin da ɗoriya, ya sa gida guda raɗa, ko gezau bai sa shi ya yi ba. Wallahi wannan ya fi mini ciwo a kan a ce ya kama mu. Ya janye shingen ya ce mu je mu dawo, yana so ya ji kukanta.

Hanya ta miƙe, gonakin auduga hagu da dama. Maigidana ya sa giya ta biyu ya taka. Allura ta hau uku, motar tana jan ƙafa. Uku da rabi. Da ta taɓa huɗu sai na ji kujera ta buge ni a baya, mayafina ya tashi, maigidana ya yi salati da ƙarfi ya kuma ƙi ɗaga ƙafa. Muka kai Pitowa muka juyo. An ce tun muna shinge mutanen tabarma suka jiyo mu suka miƙe tsaye.

Da muka shiga gareji mai walda ya kwance fulogi ɗaya da tsumma, ya bi tabarma yana nuna wa kowa a fuska, har Yaya. Launin soyayyar gyaɗa ne. Yaya ya riƙe shi ya daɗe yana kallo, sai ya juya baya ya sa hannun riga a ido. Ba a sake maganar Rai Buba ba, kuma motar tana nan a rumfarta tana jiran mai ita ko wani nasa.

Ni ban tsaya jin abin da za su ce ba. Na mayar da tiyon cikin hudarsa, na zaga cikin gida, na kife turmi na hau. Mata suna kallona, maza suna ji ta bayan katanga. Allah ya ji ƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya mayar masa da jin da aka ƙwace masa. Na kai bakina kan tiyon, na ɗaga murya yadda ban taɓa yi a gidan nan ba.

"Baba, kun tambaye ni. Da ta wuce huɗu tarin ya ɗauke. Murya ɗaya ce tak, tana hawa tana hawa, ba ta karye ba har Pitowa. Ba ku ɓata komai ba."